KIMIYYAR DA KE CIKIN TUKUNYAR ALEWA

Gabatarwa

Da wuya a sami makarantar firamare ko ta sakandare a ƙasar Hausa wadda ba a kasa alewa a bakin ƙofarta. Akwai kantun riɗi, da alewar gyaɗa, da tuwon madara, da iloka, da kwakumeti, ga kuma cakulan na kanti ga mai ɗan hali. Idan aka lura, za a ga yawancin waɗannan daga abu uku ake fara su, wato sukari da ruwa da wuta. Amma duk da haka wata alewar takan fito da taushi, wata da danƙo, wata kuma da tauri tana karyewa kamar gilashi. Haka nan macen da ta daɗe tana wannan sana'a takan wayi gari wata rana alewarta ta dagargaje ta koma gari, ko ta ƙi daskarewa, ko ta yi ɗaci, jarin ranar ya tafi a banza.

Wannan maƙala za ta yi bayanin dalilan da ke jawo haka. Abin da ake son ɗalibi ya fahimta shi ne, kyan alewa ko lalacewarta ya rataya ne a kan abu biyu: yawan ruwan da ya rage a cikinta lokacin da aka sauke ta, da kuma yadda ƙananan ƙwayoyin sukari ko na mai suka jera kansu lokacin da take hucewa. Wanda ya gane waɗannan biyun zai iya yin alewar gyaɗa da ta madara da cakulan a gida, kuma in sun ɓaci ya san inda matsalar take.

Mene Ne Sukari?

Kalmar alewa daga Larabci muka aro ta, daga "halawa", wato abu mai zaƙi. Haka ita ma kalmar sukari, amma su Larabawa ta hannun Farisawa suka samo ta, asalinta kuwa daga Indiya ne, inda aka fara gano dabarar daskarar da ruwan rake ya zama ƙwayoyi.

Sukarin da muke saye a kasuwa masana kimiyya na kiran sa sukuros. Mafi ƙanƙantar ɓangarensa wanda har yanzu yake sukari ne, shi ake kira molikul. Kowane molikul na sukuros ya ƙunshi ƙwayoyin zarra 12 na kabon, da 22 na haidirojin, da 11 na oksijin. Shi kansa haɗi ne na ƙananan sukari biyu da ke riƙe da juna, wato gulukos da furuktos. A riƙe wannan bayani, domin za mu dawo gare shi.

Idan aka ɗora ƙwayar sukari a kan baƙin ƙyalle aka dube ta da gilashin ƙara girma, za a ga tana da kusurwoyi da fuskoki shafaffu kamar an sassaƙa ta. Dalili kuwa shi ne molikul ɗin da ke cikinta a jere suke sahu-sahu, kowane a gurbinsa, kamar tubalan gini. Duk abin da ya daskare da irin wannan tsari ana kiran sa kiristal. Gishiri ma kiristal ne, haka ƙanƙara. Idan aka zuba sukari a ruwa, ruwan yakan shiga tsakanin sahun ya tarwatsa shi, shi ne muke cewa sukari ya narke.

Ruwa yana da iyakar sukarin da zai iya ɗauka. A zafin digiri 20 na ma'aunin Salsiyas, mililita 100 na ruwa yakan narkar da kimanin giram 200 na sukari, daga nan duk abin da aka ƙara sai ya kwanta a ƙasa. A nan sai mu ce ruwan ya ƙoshi. Amma idan aka tafasa shi, wannan ruwan zai ɗauki fiye da ninkin haka. To idan ya huce fa? Sai ya zama yana ɗauke da sukarin da ya fi ƙarfinsa, ƙiris yake jira ya amayar da shi a matsayin kiristal. Duk sana'ar alewa a kan sarrafa wannan hali take.

Zafi Shi Ke Nuna Ruwan da Ya Rage

Tsabtataccen ruwa yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, kuma komai ƙarfin wuta ba zai wuce haka ba, sai dai ya yi ta ƙonewa. Ruwan sukari ya sha bamban. Sukarin yana hana ruwa saurin ficewa ya zama tururi, saboda haka sai an ƙara zafi kafin ya tafasa. Yayin da ruwa ke raguwa a tukunya, sukari na ƙara rinjaye, zafin tafasar kuma na ƙara hawa. Ke nan idan aka tsoma ma'aunin zafi a cikin maɗin da ke kan wuta, abin da yake gaya mana a haƙiƙa shi ne yawan ruwan da ya saura.

Wanda ba shi da ma'aunin zafi sai ya yi abin da masu sana'ar suka gada: a ɗiga maɗin a cikin kofin ruwan sanyi, a jira kaɗan, a sa hannu a taɓa. Ga matakan da maɗi yake bi:

1. Digiri 110 zuwa 112: sukari ya kai kashi 80 cikin 100. Ɗigon yakan yi zare ya baje cikin ruwa. Wannan ya dace da maɗin da ake tsoma alkaki.
2. Digiri 112 zuwa 116: kashi 85 cikin 100. Ɗigon yana dunƙulewa, amma da an fito da shi sai ya lanƙwashe a yatsa. Matakin tuwon madara ke nan.
3. Digiri 118 zuwa 120: kashi 87 cikin 100. Dunƙulen yana tsayawa da kansa, amma yana lotsewa in an matsa. Wannan shi ne na alewar madara mai danƙo.
4. Digiri 121 zuwa 130: wajen kashi 90 cikin 100. Dunƙulen ya yi ƙarfi.
5. Digiri 132 zuwa 143: kashi 95 cikin 100. Yakan yi zare mai tauri wanda ke tanƙwaruwa kafin ya karye.
6. Digiri 146 zuwa 154: kashi 99 cikin 100. Zaren yana karyewa ƙas kamar gilashi. Matakin kantu da alewar gyaɗa ke nan.

Bambancin digiri huɗu ko biyar kacal ya isa ya mayar da alewa mai taushi ta zama mai cire haƙori. Kuma a lura, da farko zafin yakan hau a hankali saboda ruwa na da yawa, amma da ya wuce digiri 130 sai ya riƙa hawa da gudu. A wannan lokaci barin tukunya don a amsa sallama yakan zama asara.

Waɗannan alkaluma na bakin teku ne. Duk inda ƙasa ta yi tudu, nauyin iska yakan ragu, ruwa ya tafasa da wuri. A taƙaice, kowace mita 300 ta tsawo tana rage kimanin digiri ɗaya. A Jos, wadda ke bisa tudun da ya kai wajen mita 1,200, ruwa na tafasa ne a kusan digiri 96. Saboda haka mai yin alewa a can sai ya rage digiri huɗu daga kowane mataki. Hanya mafi sauƙi ita ce a tsoma ma'aunin a tafasasshen ruwa tukuna, a ga nawa ya nuna, sannan a cire bambancin.

Yadda Ake Sarrafa Kiristal

Alewa iri biyu ce in aka duba cikinta. Akwai wadda ke da kiristal, kamar tuwon madara da mazarƙwaila, akwai kuma wadda ba ta da shi, kamar kantu da alewar gyaɗa. A cikin kantu, maɗin ya yi kauri ƙwarai kuma ya huce da sauri, molikul ɗin ba su sami damar shiga sahu ba, sai suka sandare a inda suke, a hargitse. Irin wannan daskarewa ita ce ta gilashin taga, shi ya sa karyewarsu ta yi kama.

Matsalar ita ce sukari kullum yana neman komawa sahu. Ƙwaya ɗaya tak da ta manne a gefen tukunya ta faɗa cikin maɗi, ta isa ta zama iri, sauran molikul su yi ta taruwa a jikinta har tukunyar duka ta koma gari. Ana hana wannan ta hanyoyi huɗu.

Ta farko, a tabbata sukari ya narke sarai a kan wuta marar ƙarfi kafin ya fara tafasa, kuma a goge gefen tukunya da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, ko a rufe ta na minti biyu tururi ya wanke gefen. Ta biyu, da zarar ya fara tafasa a daina juyawa, domin motsi yana haɗa molikul da juna. Ta uku, a sa ɗan abu mai tsami. Asid ɗin da ke cikin lemun tsami ko tsamiya, in ya haɗu da zafi, yakan raba wani ɓangare na sukuros ya koma gulukos da furuktos. Su kuwa waɗannan siffarsu ta bambanta da ta sukuros, sai su riƙa shiga tsakani suna ɓata sahu, kamar yadda tubalan da girmansu bai zo ɗaya ba suke hana gini tafiya. Zuma ma tana yin wannan aiki, domin yawancin zaƙinta gulukos ne da furuktos. Ta huɗu, a sa mai ko madara, waɗanda su ma kan shiga tsakanin molikul ɗin.

Sai dai tsami in ya yi yawa akwai illa. Furuktos yana da tsananin jan danshi daga iska, saboda haka alewar da aka cika wa lemun tsami takan yi naso, ta manne wa leda, ko ma ta ƙi daskarewa. Ƙaramin cokali ɗaya ya ishi kofi biyu na sukari.

A tuwon madara kuwa kiristal ake so, amma ƙanana ƙwarai waɗanda harshe ba zai ji su ba. Idan aka tuƙa maɗi yana da tsananin zafi, kiristal kaɗan ne ke fitowa, kuma su yi girma, alewar ta yi tsaki-tsaki a baki. Idan aka bari ya ɗan huce sannan aka tuƙa da ƙarfi ba tsayawa, miliyoyin ƙanana ke fitowa lokaci guda, ba wanda ya sami damar girma, sai alewar ta yi laushi.

Ita kuma farar alewa da ake rataya wa a maƙali ana ja ana ninkewa, ba wani abu aka zuba mata ta yi fari ba. Jan da ake yi yana cusa ƙananan kumfar iska a cikinta, su ke warwatsa haske, kamar yadda kumfar sabulu take fara ko da sabulun kore ne.

Daga Ina Launi da Ƙamshi Suke Zuwa?

Farin sukari zaƙi kawai gare shi, ba shi da ƙamshi. Amma idan ruwa ya ƙare zafi ya kai wajen digiri 160, molikul ɗin sukan fara farfashewa, gutsattsarin su sake haɗuwa su ba da ɗaruruwan sababbin sinadarai. Ƙananan cikinsu su ne ke tashi mu ji ƙamshi, manyan kuma su ke ba da launi. Wannan narkakken sukari mai launin ruwan zuma shi ake kira karamel. A wajen digiri 170 yakan yi ja mai kyau. Da ya doshi 180 sai ya yi baƙi, zaƙi ya gudu, ɗaci ya maye gurbinsa, kuma babu dabarar da za ta dawo da shi. Tun da tukunya tana ci gaba da dafa abin da ke cikinta ko bayan an sauke, sai a sauke tun launin bai kai yadda ake so ba.

Akwai wata hanya ta biyu ta samun launi. A shekarar 1912 wani masanin kimiyya Bafaranshe mai suna Louis-Camille Maillard ya bayyana cewa idan aka dafa sukari tare da amino asid, wato tubalan da suka gina furotin, sukan haɗu su ba da launin ƙasa-ƙasa da ƙamshi, kuma a zafin da bai kai na karamel ba. Wannan haɗuwa, wadda ake kira da sunansa, ita ce ke sa iloka ta yi ja alhali ba ta wuce digiri 120 ba, domin madara na da furotin. Ita ce kuma ke ba soyayyar gyaɗa da tsire da ɓawon burodi ƙamshinsu.

Alewar Gyaɗa

Kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne, kashi ɗaya cikin huɗu kuma furotin. Riɗi ma rabinsa mai ne. Saboda haka alewar da aka yi da su ta fi ta zallan sukari amfani a jiki. Sai an soya su tukuna, domin suya ce ke fito da ƙamshi, kuma tana korar danshin da zai sa alewa ta yi laushi.

Kafin suya, wajibi ne a tsince gyaɗa da kyau. Akwai wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus da ke kama gyaɗar da ba ta bushe ba, tana fitar da dafi mai suna afalatoksin. An gano shi ne bayan da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila a shekarar 1960, sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Birazil. Wannan dafi yana jawo ciwon dajin hanta, kuma suya ba ta kawar da shi. Duk ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta canza launi, ko ta huje, a zubar da ita, kada ma a ba kaji.

Kayan haɗi: sukari kofi 2, ruwa rabin kofi, ruwan lemun tsami ƙaramin cokali 1, soyayyar gyaɗa da aka murje kofi 2, man shanu babban cokali 1, gishiri kaɗan, da bekin soda rabin ƙaramin cokali.

1. A shafa mai a faranti ko tire, a ajiye kusa, domin in maɗi ya kai ba lokacin neman komai.
2. A narkar da sukari da ruwa da lemun tsami a tukunya mai kaurin gindi, a goge gefenta.
3. A bar shi ya tafasa ba juyawa har ya kai digiri 150, ko ɗigonsa ya karye a ruwan sanyi.
4. A sauke, a zuba man shanu da gishiri da gyaɗa, wadda ya kamata ta kasance da ɗuminta don kada ta daskarar da maɗin nan take.
5. A barbaɗa sodar a juya da sauri. Za a ga ya kumbura. Zafi ne ya sa sodar ta fitar da iskar kabon dayoksaid, ƙananan kumfarta kuma su ke sa alewar ta yi garas-garas, ba ta wahalar da haƙori.
6. A juye a tire, a baje da bayan cokali mai mai, a tsaga da wuƙa tun da sauran ɗumi.

Kantu ma haka ake yin sa, sai dai a sa riɗi a madadin gyaɗa, a bar soda.

Alewar Madara Mai Danƙo

Kayan haɗi: madarar gwangwani mai kauri da zaƙi gwangwani 1, sukari kofi 1, zuma babban cokali 4, man shanu babban cokali 4, da gishiri kaɗan.

A haɗa su duka a tukunya a kan wuta marar ƙarfi. A nan dokar hana juyawa ba ta aiki. Furotin ɗin madara yana kamawa a gindin tukunya ya ƙone, saboda haka sai an yi ta juyawa da muciya daga farko har ƙarshe, zuma da mai kuwa sun isa su hana kiristal. Idan ya kai digiri 118 zuwa 120, wato ɗigonsa ya dunƙule yana lotsewa, sai a juye a tire mai mai. A bar shi ya huce sarai kafin a yanka. Wanda ya so yana iya zuba dakakkiyar gyaɗa ko yazawa kafin ya juye.

Cakulan: Kiristal na Mai

Cakulan daga 'ya'yan itacen koko ake yin sa, ba kokon da ake sha da ƙosai ba. Asalin itacen daga dazuzzukan Amazon ne a Kudancin Amurka, kuma mutanen Maya da Aztek na yankin Meziko sha suke yi da shi, ba tauna ba. Dangin goro ne, kuma dukansu biyu suna da sinadaran kafin da tiyoburomin masu wartsake jiki. A 1828 iyalin Van Houten na ƙasar Holan suka fito da injin matse man koko daga 'ya'yan. A 1847 kamfanin Fry na Ingila ya yi cakulan na farko mai sandarewa wanda ake ɓallawa a ci. A 1875 Daniel Peter na Suwizalan ya yi mai haɗe da madara, a 1879 kuma Rodolphe Lindt ya gano cewa doguwar niƙa da cuɗawa na sa shi ya yi santsi. A wajen wannan shekara ta 1879 ne Tetteh Quarshie ya dasa kokon da ya zo da shi daga tsibirin Farnando Po a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Yau fiye da rabin kokon duniya daga Afirka ta Yamma yake fitowa, Kwadibuwa ce kan gaba, a Nijeriya kuma jihar Ondo ta yi fice wajen nomansa.

Fiye da rabin nauyin ƙwayar koko mai ne. Cakulan kuwa ba kome ba ne illa garin koko da garin sukari da ke warwatse a cikin daskararren man koko. Sukari ba ya narkewa a mai, shi ya sa masana'antu ke niƙa shi har ƙwayoyinsa su gaza kashi 30 cikin 1,000 na milimita, inda harshe ba ya iya jin su. Turmi da injin markaɗe ba sa kai wa nan, saboda haka abin da ya fi sauƙi a gida shi ne a sayi cakulan a narkar, a sake sarrafa shi.

A nan ma batun kiristal ne, amma na mai. Man koko yana iya daskarewa ta siffofi shida, kowace da zafin da take narkewa, daga wajen digiri 17 zuwa 36. Siffa ta biyar ita ake nema. Tana narkewa a wajen digiri 34, ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum wanda yake digiri 37, shi ya sa cakulan mai kyau yake da tauri a hannu amma ya narke a baki. Ita ce kuma ke ba shi sheƙi da ƙarar karyewa. Idan aka narkar da cakulan aka bar shi ya daskare yadda ya ga dama, siffofi marasa ƙarko ne ke fitowa, ya yi laushi, bayan 'yan kwanaki kuma ya yi fari-fari a sama. Wannan farin ba fumfuna ba ce, mai ne ya taso ya sake daskarewa, kuma cin sa ba ya cutarwa.

Ga yadda ake samun siffa ta biyar. Abin lura shi ne, irin da muka yi ta gudu a tukunyar sukari, a nan shi muke nema:

1. A yayyanka cakulan ƙanana, a ware kashi ɗaya cikin uku.
2. A sa sauran a busasshen kwano, a ɗora a kan tukunyar ruwan zafi ba tare da gindin kwanon ya taɓa ruwan ba, har ya kai digiri 45 zuwa 50. A wannan zafi duk kiristal sun narke.
3. A sauke, a riƙa zuba wanda aka ware kaɗan-kaɗan ana juyawa. Shi yana ɗauke da siffa ta biyar tun daga masana'anta, sai narkakken man ya kwaikwayi tsarinsa.
4. A ci gaba da juyawa har zafin ya sauko digiri 31 zuwa 32 ga baƙin cakulan, ko 29 zuwa 30 ga mai madara.
5. A gwada a bakin wuƙa. Idan ya daskare da sheƙi cikin minti biyar a wuri mai sanyi, ya yi. Sai a tsoma soyayyar gyaɗa, ko dabino, ko yankan alewar madara, a jera a kan takarda mai santsi.

A kiyaye ruwa. Ɗigo kaɗan in ya faɗa cikin narkakken cakulan, sai ƙwayoyin sukari su jiƙe su manne da juna, ya cure kamar tuwo. Akwai kuma cakulan mai araha da ake yi da man ƙwarar manja a madadin man koko, shi ba ya bukatar duk wannan, narkarwa kawai ake yi. Man kaɗanya kuwa, saboda halinsa ya yi kusa da na man koko, yana cikin mayukan da dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta yarda a haɗa a cakulan, muddin bai wuce kashi 5 cikin 100 ba.

Yanayi da Ajiya

Hunturu shi ne lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki, domin iska a bushe take kuma da sanyi. Da damina alewa mai tauri takan ja danshi ta yi naso, saboda haka a ƙunshe ta da zarar ta huce, a sa a mazubi mai murfi. Da bazara kuwa, lokacin da zafi kan haura digiri 40, cakulan ba zai daskare a ɗaki ba. In za a sa shi a firji, a rufe shi ruf, kuma in an fito da shi kada a buɗe sai sanyinsa ya sake. In ba haka ba raɓa za ta kwanta a kansa ta narkar da sukarin sama, ta bushe ta bar shi da kaushi.

Kiyaye Lafiya

Maɗi a digiri 150 ya fi tafasasshen ruwa haɗari, domin ya fi shi zafi kuma yana mannewa a fata. Kada a ɗanɗana shi daga tukunya, kada yara ƙanana su matso. Idan ya zuba wa wani, a riƙa kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, kada a shafa manja ko man goge baki ko ƙwai, sannan a tafi asibiti in ƙunar ta yi faɗi. Akwai kuma mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, har takan toshe musu numfashi, don haka mai sayarwa ya riƙa faɗin abin da ya haɗa.

Hausawa sun ce zuma da zaƙi da harbi. Ƙwayoyin bakteriya da ke cikin baki suna cin sukarin da ya maƙale su fitar da asid, shi kuma ya riƙa zaizaye haƙori. Alewa mai danƙo ta fi ɓarna domin ta fi daɗewa a manne. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, wato kimanin giram 50, ko ƙaramin cokali 12 ga baligi.

Gwaji Domin Aji

A ƙarƙashin kulawar malami, a narkar da sukari kofi 6 a tafasasshen ruwa kofi 2, a raba biyu. A zuba rabi a kwalba ta farko. A sa wa ɗaya rabin ruwan lemun tsami babban cokali 3, a bar shi a kan wuta marar ƙarfi na minti 15, a mayar da ruwan da ya ƙone, sannan a zuba a kwalba ta biyu. A jiƙa zare biyu, a birkima su cikin sukari, a bari su bushe, sannan a rataya ɗaya a kowace kwalba bayan maɗin ya huce. A rufe da takarda, a ajiye inda ba za a motsa su ba. Ɗalibai su riƙa dubawa kullum har mako guda suna rubuta abin da suka gani.

Kammalawa

Mun ga cewa zafin maɗi yana nuna ruwan da ya rage, ruwan da ya rage kuma shi ke yanke taushin alewa ko taurinta. Mun ga yadda ake hana kiristal a kantu, a ƙanƙanta shi a tuwon madara, a zaɓi siffarsa a cakulan. Iyayenmu da ke matsa lemun tsami a tukunya suna kuma ɗiga maɗi a ruwan sanyi sun daɗe suna aiki da waɗannan ƙa'idoji. Ɗalibin da ya san dalilansu zai iya taimaka musu su rage asara, ya kuma riƙa auna kayan haɗi yana rubutawa, yadda alewar gobe za ta fito daidai da ta yau.

Tambayoyi

1. Me ya sa ruwan sukari yake wuce digiri 100 kafin ya tafasa?
2. Idan ruwa na tafasa a digiri 98 a garinku, a wane zafi za a sauke alewar gyaɗa?
3. Bayyana aikin lemun tsami a cikin maɗi, da illar yawansa.
4. Mene ne bambanci tsakanin launin karamel da launin iloka?
5. A gwajin da aka yi, wace kwalba ce ta fi tara kiristal, kuma me ya sa?